Yadda Ake Juya Waƙar Hausa Ta Koma Kiɗan Rawa a FL Studio

Yawancin rimis, wato waƙar da aka ɗora wa sabon kiɗa, da ke yawo a wayoyinmu tun kafin a buga ganga ko ɗaya suke lalacewa. Yaro ya samo muryar mawaƙi, ya ɗora ta a kan kiɗan amapiano da ya sauke daga intanet, minti na farko komai yana tafiya, a na biyu murya ta riga kiɗa, a na uku kowa ya kama gabansa. Gudun waƙa da ki ɗin da aka rera ta a kai, wato sautin da karinta ke zaune a kansa, waɗannan biyun su ne aikin. In ka daidaita su, ko da kayan sauti na kyauta kiɗanka zai tayar da mutane daga kujera. In ka bar su a karkace, babu manhajar da za ta cece ka.

Zan yi bayanin a kan FL Studio, domin shi ne a kwamfutar kusan kowane mai haɗa kiɗa daga Kano zuwa Kaduna da Jos. Kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ne ke yin sa, da can ana kiransa FruityLoops, kuma wanda ya saya sau ɗaya yana samun sabbin fitowa kyauta har abada. Bugun Producer Edition ake so ko wanda ya fi shi, saboda rimis aikin yanka sauti ne, ƙaramin bugun kuwa an taƙaita shi a nan. Na gwaji yana bari ka adana aiki amma ba zai sake buɗe maka shi ba sai ka biya. Mai amfani da Ableton Live ko Cubase ma zai iya bin matakan, sunayen maɓallan ne kawai suka bambanta.

Samo muryar

Hanya mafi tsafta ita ce ka je wurin mai waƙar ko situdiyon da aka yi ta, ka roƙi muryar ita kaɗai a fayil ɗin WAV, jagora daban, 'yan amshi daban. Ka tambaye su gudun da aka yi waƙar a kai, wannan tambayar kaɗai za ta rage maka wahalar yini. Zuwan kuma zai warware maka maganar izini, wadda zan dawo kanta a ƙasa.

Sau da yawa za a ce maka aikin ya tafi da tsohuwar kwamfuta. To sai ka koma ga raba sauti da na'ura. Tun daga fitowa ta 21.2 a shekarar 2023, FL Studio yana yi da kansa: ka jefa waƙar a Playlist, ka buɗe menu ɗin da ke gefen hagu na sautin, ka zaɓi Extract stems from sample, ya ware maka murya, ganguna, bes (sautin ƙasa mai kauri) da sauran kayan kiɗa. Akwai kuma Ultimate Vocal Remover, kyauta ne, kuma sau da yawa ya fi fitar da murya tas. Ka ba shi waƙar mafi inganci da za ka iya samu. Wadda ta bi ta hannun mutum goma a WhatsApp ta riga ta tsufa, muryar da za ta fito daga cikinta za ka ji ta kamar mai magana da kai a cikin randa.

Gudu: a nan gizo ke saƙa

Kunna waƙar ta asali, ka danna dama a kan lambar gudu da ke saman FL Studio, wato yawan bugu a minti ɗaya, ka zaɓi Tap, ka riƙa bugawa daidai da inda ƙafarka ke taka ƙasa. Ƙafa na ce, ba hannun mai kalangu ba. Dalili shi ne waƙoƙinmu da yawa, musamman na biki da na finafinai, tafiyar uku-uku suke yi: a cikin kowane taku ɗaya akwai ƙananan bugu uku, ba huɗu ba. Wanda ya bi hannun mai kalangu zai iya ganin 180 alhali ainihin takun 120 ne. Haka ita ma na'urar gano gudu take ruɗewa, ta ba ka ninki biyu, ko rabi, ko ɗaya da rabi. Lambar da ta ba ka shawara ce, kunnenka ne alƙali.

Da ka samu lambar, sa aikin a kanta tukuna, ka kunna metronom, mai ƙwanƙwasa maka kowane bugu, ka ja waƙar har bugunta na farko mai nauyi ya zauna daidai a kan layin farkon ɗaki. Bugu huɗu shi ne ɗaki ɗaya a jadawalin Playlist. Yanzu tsallaka zuwa ƙarshen waƙar ka saurara. Idan a minti na huɗu har yanzu tana tafiya da metronom, ka dace. Idan ta zame, to gudun yana da ɗigo, wataƙila 99.5 ne ba 100 ba, sai ka riƙa matsawa kaɗan-kaɗan har farko da ƙarshe su zauna tare. Waƙar da aka ɗauka da makaɗa na hannu, irin ta gurmi ko garaya, ba ta da gudu ɗaya tsayayye. Ita sai ka yanka ta baiti-baiti, ka zaunar da kowanne da hannu, ko ka buɗe ta a NewTime ka ja alamomin.

Sai zaɓen inda za ka kai ta. Kiɗan hawus, wanda ya taso daga kulob-kulob na Chicago a Amurka a shekarun 1980, yana zama tsakanin 120 da 128. Amapiano na Afirka ta Kudu ya fi shi nutsuwa, wajen 110 zuwa 115. Muryar ce za ta zaɓar maka, ba son ranka ba. Waƙar da ke 100 ka kai ta 112 ta zama amapiano, ƙarin kashi 12 cikin ɗari ke nan, kunne zai ɗauka. In ka matsa mata sai ta kai 126, kalmomi za su riƙa cin juna, dogon wasali ya gajarce, kuma a Hausa gajarta wasali canja magana ne. Waƙar soyayya mai jan jiki da ke 62 kuwa ba ta buƙatar taɓawa ko kaɗan: sa aikinka a 124, ninkinta daidai, murya na tafiya a hankali ganguna na gudu a ƙarƙashinta. Irin wannan haɗin ya fi kowanne daɗi a wurina.

Kafin ka canja gudun aikin, danna muryar sau biyu, a sashen Time stretching ka sa Mode a kan e3 mono ko e3 generic, kada ka bar shi a Resample, domin shi Resample yana ɗaga murya sama idan an ƙara gudu, dattijo ya koma yaro. Ka kulle sautin da gudun aikin ta hanyar Fit to tempo, sannan ka murɗa lambar zuwa sabon gudu.

Ki ɗin waƙar

Buɗe kowane fiyano a FLEX, kayan kiɗan da ke cikin FL Studio, ka bar amshi yana maimaita kansa, ka riƙa taɓa maɓallan ɗaya bayan ɗaya har ka samu wanda in ka riƙe shi ba ya faɗa da murya ko'ina. Galibi shi ne sautin da mawaƙin ke sauka a kai a ƙarshen layi. Waƙoƙin da aka sha wa otocun, manhajar daidaita murya, sun fi sauƙi a nan, tunda an riga an ɗaure kowane sauti a mazauninsa.

Karin waƙar Hausa da yawa a kan sautuka biyar yake yawo. In gidan waƙar A ne, za ka tarar muryar ba ta fita daga A, C, D, E da G. Wannan gata ne a gare ka, domin kusan duk kod ɗin da ka gina da waɗannan, wato sautuka da ake bugawa tare, zai zauna. Kod biyu sun isa, Am da G, ko Am da F, kowanne ya riƙe ɗaki biyu. Masu jera kod shida don a san sun iya fiyano su ne ke danne mawaƙi. In kana son matsar da muryar sama ko ƙasa, kada ka wuce rabin taki biyu, wato maɓallin fiyano biyu, bayan haka mutum ya daina kama da kansa.

Ganguna

Danna F6 ka buɗe Channel Rack. Layi ɗaya yana da akwati 16. Kik, wato babbar ganga mai naushi, a akwati na 1, 5, 9 da 13. Tafi a na 5 da 13. Buɗaɗɗen hayhat, faifan ƙarfe mai sautin tsss, a na 3, 7, 11 da 15, wato a tsakanin kik da kik. Wannan shi ne ƙashin bayan hawus tun zamanin injin ganga na Roland TR-909, kuma har yau sautin wannan injin ake nema. Ka zaɓi kik ɗaya mai kyau ka tsaya a kansa. Tara kik uku a kan juna yakan sa su cinye ƙarfin juna.

Idan waƙarka mai tafiyar uku-uku ce, waɗannan akwatuna 16 za su yaudare ka. Kik da tafi za su zauna lafiya, tunda a kan takun suke, amma hayhat da kacau-kacau za su yi ta karo da murya, ka rasa abin da ke damun kiɗan. Maganinsa: aika su Piano Roll da F7, ka danna alamar maganaɗisu, ka sa Snap a kan 1/3 beat, ka zana su uku-uku a kowane taku. Nan take za ka ji murya ta samu wurin zama. Wannan ne bambancin wanda ya san kiɗanmu da wanda ya kwafo darasi daga YouTube, domin masu darussan can da waƙoƙin huɗu-huɗu suke aiki, matsalar ba ta taɓa zuwar musu ba.

Kada ka jefar da gangunan da na'ura ta ware daga waƙar asali. Saurare su, wataƙila akwai ɗaki ɗaya na kalangu da ya fito tsaf. Yanke shi, ka cire masa ƙasa da EQ, abin rage ko ƙara sashen sauti, daga wajen 150 Hz don ya bar wa kik fili, ka sa shi yana maimaituwa can ƙasa-ƙasa. Wanda ya san waƙar zai ji ƙamshinta tun kafin murya ta shigo. In kana da makaɗi a unguwa, ɗaukar sa kai tsaye da makirfo ya fi.

Bes

A hawus, fara da abu mai sauƙi: 3xOsc, ƙaramin kayan haɗa sauti na FL Studio, ka bar igiyar sine, ka buga gindin kod a inda buɗaɗɗen hayhat ke faɗowa. A amapiano kuwa log drum ne sarki, kuma asalinsa yana cikin FL Studio ɗin da ke gabanka, a jerin sautukan Fruity DX10. Shi ganga ne mai ki, saboda haka dole ka buga shi a kan sautukan waƙar, kuma ka bar masa ramuka. Ka saurari inda mawaƙi ke numfashi, nan ne log drum zai yi magana. In suna magana lokaci ɗaya, babu wanda za a ji.

Kik da bes gida ɗaya suke so, ƙasa da 100 Hz, don haka sai an yi musu sulhu. A Mixer, wato F9, ka ba kowanne layinsa. Zaɓi layin kik, ka danna dama a kan ɗan kibiyar da ke ƙasan layin bes, ka zaɓi Sidechain to this track. A layin bes ka ɗora Fruity Limiter, ka shiga COMP, ka zaɓi kik a akwatin Sidechain. Sauke Threshold, ɗaga Ratio zuwa wajen 4, har ka ga bes na sunkuyawa duk lokacin da kik ya buga. Release shi ne abin lura. A gudun 124, tazarar kik da kik milisakan 484 ce, saboda haka wajen 150 zuwa 200 zai bar bes ya miƙe kafin bugu na gaba. Ka yi wa kod ɗinka irin wannan, amma da sauƙi.

Yanka murya

Ba dukan waƙar za ka ɗauka ba. Waƙar Hausa tana iya kai minti shida da baiti biyar, filin rawa kuwa amshi yake jira. Ɗauki amshi, da baiti ɗaya ko biyu da mutane suka fi haddacewa, ka bar sauran. Sannan ka nemo ƙugiya, kalma biyu ko uku daga amshin da za su riƙa dawowa idan kiɗa ya sauka da ƙarfi. Da kayan yanka na Playlist, maɓallin C, za ka fitar da su.

A nan a yi hattara. Turawa suna daddatsa murya gaɓa-gaɓa su watsa a kan fiyano, babu ruwan kowa da ma'ana. Mu masu sauraronmu suna jin kowace kalma. Ka yanke kalma a tsakiya, ko ka ɗaga gaɓa ɗaya ka sauke ta kusa da ita, sai ka wayi gari ka sa mawaƙi ya faɗi abin da bai faɗa ba, wani lokaci abin da ba a faɗa a gaban surukai. Yanka a kan iyakar kalma. In kana son wasa da sauti zalla, ɗauki jan "aaa" ko "ooo" na ƙarshen layi, shi ba ya ɗauke da ma'ana, ka jefa a Slicex ka yi yadda ka ga dama. Sunan wanda aka yi wa kirari a waƙar asali ma ka duba ko ya dace ya bi ka zuwa sabon wuri.

Gyaran muryar kaɗan ne, tunda an riga an gyara ta sau ɗaya. Da Fruity Parametric EQ 2 ka share duk abin da ke ƙasa da 100 Hz, can ne ragowar tsohon bes ke ɓuya. In tana da kauri marar daɗi, rage kaɗan tsakanin 250 da 400. Amsa-kuwwa ta riga ta zo da nata, saboda haka Fruity Reeverb 2 ɗan ɗigo kawai. Fruity Delay 3 ya fi amfani: kada ka bar shi a kunne ko'ina, ka buɗe shi a kalmar ƙarshe ta layi don ta cike shirun da ke biye.

Jeri

Kiɗan rawa da takwas-takwas ake ƙirga shi, kuma dije da wannan lissafin yake haɗa waƙa da waƙa. Ga tsarin da ba ya ba da kunya. Ɗaki 16 na farko ganguna zalla, a gudun 124 daƙiƙa 31 ke nan, lokacin da dije zai shigo da kai a kan waƙar da ke ƙarewa. Ɗaki 16 na gaba bes da baiti su shigo. Sai ka cire kik gaba ɗaya na ɗaki 8, ka bar amshi da kod kawai, mutane su rera da bakinsu. Ɗaki 8 na hawa. Sai saukar kiɗa, ɗaki 16, komai da komai tare da ƙugiya. Ka maimaita zagayen da baiti na biyu, ka rufe da ɗaki 16 na ganguna don dije ya fita.

Hawan shi ne inda ake gane gwani. Tafi ko sinya, ƙaramar ganga mai kaifin sauti, ya fara da bugu ɗaya a kowane taku, bayan ɗaki huɗu ya ninka, bayan biyu ya sake ninkawa. A 3xOsc ka zaɓi sautin shuuu, ka danna dama a kan maɓallin ƙararsa, Create automation clip, ka ja layin daga ƙasa zuwa sama. Haka za ka yi wa EQ a kan kod, kana cire ƙasan sautin sannu a hankali har kiɗan ya zama siriri. Sannan a takun ƙarshe kafin sauka, kashe komai. Shiru, sai kalma ɗaya daga bakin mawaƙi, sai kik ya faɗo. Wannan rabin daƙiƙar ta fi duk wata ƙara da za ka tara.

A kowane ɗaki 8 wani abu ya shiga ko ya fita, ko da hayhat ne. Kuma ka riƙa danna Ctrl da N, yana adana sabon kwafi mai lamba. Wutar NEPA ba ta sallama kafin ta tafi.

Daidaita sauti da fitarwa

Duba layin Master. Wasu samfuran farawa na FL Studio suna zuwa da Fruity Limiter a kai, kashe shi tukuna, in ba haka ba zai riƙa ɓoye maka cewa sauti ya yi yawa. Sauke dukan layuka ƙasa, ɗaga kik shi kaɗai har ya kai wajen -10 dB, ka kawo bes, sai murya, sai sauran. In an gama, Master ya tsaya kusa da -6 dB. Kik, bes da muryar jagora su zauna a tsakiya. Manyan lasifikan biki sau da yawa a haɗe suke a layi ɗaya, abin da ka baza hagu da dama zai iya ɓacewa a can, don haka ka murɗa maɓallin Stereo separation na Master zuwa haɗewa ka ji abin da ya rage, sannan ka mayar.

Lasifikar waya ba ta fitar da sautin ƙasa sosai, kuma a waya mafi yawan mutane za su fara jin aikinka. Bes ɗin sine zalla ba zai fito ba sam. Ɗora masa ɗan Fruity Fast Dist ko Soft Clipper, ya samu ƙaiƙayi a sama wanda ƙaramar lasifika za ta iya kamawa.

Yanzu mayar da Limiter a Master, Ceiling a -1 dB, ka ɗaga Gain a hankali. Youlean Loudness Meter kyauta ne, zai nuna maka ƙarfin. Spotify yana daidaita waƙoƙi zuwa wajen -14 LUFS, ma'aunin ƙarfin sauti, amma kiɗan da dije zai buga a fili yakan kai -9 ko -8. Da zarar kik ya fara rasa naushinsa, ka wuce gona da iri, koma baya. Ka jawo wani kiɗan da kake sha'awa irin naka cikin aikin, ka rage shi su yi ƙara ɗaya, ka riƙa sauraron su bi da bi. Sannan ka kwana, ka sake ji da safe a mota, a waya, da lasifikar mai shagon caji in zai yarda.

Ctrl da R zai fitar maka da WAV, ka sa 24-bit don ajiya da kuma dije. MP3 kuwa 320 kbps. Ka fitar da kwafi biyu, dogo mai gabatarwar ganguna, da gajere wanda murya ke shigowa cikin daƙiƙa goma na farko don masu TikTok. Ka kuma adana aikin a matsayin Zipped loop package, shi ne ke tattara duk sautukan wuri ɗaya.

Saura izini. Muryar ba taka ba ce, ko da kai ka ware ta da na'ura. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta bar wa mai aiki ikon yarda ko hana a sarrafa aikinsa, kuma rubuta "ba ni da haƙƙin wannan waƙa" a ƙarƙashin bidiyo ba ya wanke kowa. YouTube yana da tsarin Content ID da ke gane murya ko an canja mata gudu, ya karkatar da kuɗin talla ga mai ita ko ya toshe bidiyon. Kafin ka ɗora a Audiomack ko Spotify, tura wa mawaƙin ya ji, ka kuma bincika ko shi ke da waƙar ko wanda ya biya kuɗin situdiyo, domin a masana'antarmu sau da yawa furodusan fim ne mai ita. In sun amince, a rubuta a takarda: sunan wa zai fara fitowa, a shafin wa za a ɗora, kashi nawa kowa zai ɗauka, kowa ya sa hannu da shaida.